Muhawara: Abin da 'Yan Sa-Kai Ke Tarawa Kimiyya Ne?

Malamin Lissafi: Ni dai ban gamsu ba. Duk wanda ya ɗauki hoton tsuntsu da waya ya tura eBird ko iNaturalist, shafukan intanet da jama'a ke tara bayanan halittun da suka gani, shi ke nan ya zama mai bincike? Har wanda bai san shaho da shirwa ba?

Mai Kallon Tsuntsaye: Malam, ai ba maganar mutum ɗaya ake ɗauka ba. A iNaturalist sai fiye da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa sun yarda da sunan halittar kafin a sa ta cikin bayanan bincike. Kuma ƙidayar tsuntsaye ta lokacin Kirsimeti a Amurka tun 1900 ake yin ta. Wace jami'a ce za ta biya ma'aikata su yi wannan aikin sama da shekara ɗari?

Malamin Lissafi: Idan kowa ya karkata gefe guda, yawa ba ya gyara komai. Ku duba Galaxy Zoo, shafin da jama'a ke rarraba hotunan gungun taurari bisa siffarsu, da aka buɗe a 2007. 'Yan sa-kai suka nuna cewa gungun taurari masu juyawa gefe ɗaya sun fi yawa. Da aka juya hotunan kamar a madubi, sai suka ci gaba da zaɓen wannan gefen. Ashe matsalar a wurin masu kallo take, ba a sama ba.

Ɗalibar Jami'a: To ai an gano, Malam, an kuma gyara lissafin. A wannan aikin ne ma wata malamar makaranta 'yar Holan, Hanny van Arkel, ta hango wani gajimaren gas da masana ba su lura da shi ba.

Malamin Lissafi: Sa'a ce.

Ɗalibar Jami'a: Masu wasan Foldit fa, wato wasan kwamfuta na naɗe siffar furotin, da suka warware siffar wani furotin na ƙwayar cuta a 2011 bayan ya gagari masana shekaru? Ita ma sa'a ce?

Hajiya: Ku yi haƙuri in sa baki. Abin da ya fi damuna shi ne wuraren da babu mai kallo. Yawancin bayanan daga Turai da Arewacin Amurka suke fitowa, kusa da titi, a ƙarshen mako. Inda babu intanet sai taswira ta nuna kamar babu tsuntsu.

Mai Kallon Tsuntsaye: Wannan kam gaskiya ne, Hajiya. Amma maganinsa a ƙara masu kallo.

Hajiya: Wa zai saya musu data?