Gwajin irin masara da dawa: yaya ake rubuta sakamakon da manomi zai dogara da shi?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta 'yan zango masu gonaki a wajen Ejura, a ƙasar Gana, ta gwada irin masara biyar a babbar damina, kowane iri fili uku, kuma 'yan'uwanmu na arewacin Gana sun gwada dawa iri huɗu. An girbe, an auna, lambobi suna cikin littafi. Yanzu ana so a fitar da takarda guda wadda za a karanta a taron ƙungiya a Kumasi. Shin a jera su kawai daga wanda ya fi nauyi zuwa na ƙasa? Malaman gona, a taimaka da tsari.

Malamin gona, Ejura:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka jera su tukuna. Nauyin ranar girbi ba shi ne amfanin gona ba, domin wani kason ruwa ne. Kafin ka kwatanta iri da iri sai ka mayar da su duka kan danshi ɗaya, kuma a masara yawanci kashi 15 cikin 100 ake ɗauka.

A ce kowane fili layi huɗu ne, tsawon mita 5, tsakanin layi da layi santimita 75, tsakanin rami da rami santimita 40, kara biyu a rami. Layuka biyu na tsakiya kaɗai ake girbewa don awo. Na gefe suna samun rana da taki fiye da rabonsu, ko kuma maƙwabcin iri mai tsawo ya yi musu inuwa. Faɗin da ka girbe ke nan 2 × 5 × 0.75, wato murabba'in mita 7.5.

Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don bayani. Iri na farko ya ba da kilo 4.2 da totuwarsa, na'urar awon danshi ta nuna 26. Na biyu kilo 4.0, danshi 18. Idan ba a ɓare an auna ƙwayar ba, ana ɗaukar kashi 80 cikin 100 a matsayin ƙwaya: 3.36 da 3.2 ke nan. Sai ka cire danshin daga 100, ka ninka nauyin da abin da ya rage, ka raba da 85. Na farko ya koma 2.93, na biyu 3.09. Raba da 7.5, ninka da 10,000: na farko kusan kilo 3,900 a hekta, na biyu kusan 4,100. Ka ga wanda ya rinjaya a kan sikeli shi ne ya dawo baya. Irin da ke daɗewa bai nuna ba kullum yana cin wannan ribar ta ƙarya in an girbe su rana ɗaya.

Kashi 80 ɗin nan ma ƙiyasi ne. In da hali a ɓare masara goma daga kowane fili a auna, don wani irin totuwarsa kauri gare ta. Kuma a ɗauki danshin a ranar da aka ɗora kan sikeli, daga ƙwayar tsakiyar masara, ba bayan kwana uku tana shan rana a kan tamfol ba.

Hajiya mai masara, Asawase:
Malam ya yi bayani, amma a taron nan mutum nawa ne ke lissafi da hekta? A sa eka da buhu kusa da kilo. Hekta ɗaya eka biyu da rabi ce saura kaɗan, 2.47, don haka kilo 4,100 ɗin nan buhu 16 ne da rabi a eka. Sai dai a rubuta ɓaro-ɓaro cewa buhun kilo 100 ake nufi. Buhun da ake cikawa har a ɗinka masa hula a Ejura da Techiman ya wuce haka, olonka kuma, wato gwangwanin awo, kowace mai awo da tozon da take yi mata. In ba a fayyace ba, manomi zai ce takardarku ta yi masa ƙarya.

A kuma rubuta launin ƙwaya. Mai koko da masu dokunu da banku fara suke nema, masu kiwon kaji sun fi son rawaya.

Mai bincike, Fumesua:
Sannu da ƙoƙari Alhaji. Abin da zan fara tambaya: wane iri ne ma'auninku? Dole a cikin biyar ɗin a samu wanda manoman wurin suka saba da shi. Obatanpa, wadda cibiyar binciken amfanin gona ta nan Fumesua ta fitar a 1992, ta dace da wannan aiki don kusan kowa ya san halinta. Sai a riƙa cewa iri kaza ya fi ta da kaza, ko ya gaza ta. Kuma kada a haɗa tseren doki da na jaki: Obatanpa tana kai kwana 105 zuwa 110, Omankwa wajen 90, Abontem ba ta ma kai haka ba. Mai saurin nuna ba a shuka ta don ta doke kowa a buhu. Ana shuka ta don ta tsere wa ɗaukewar ruwa a ƙaramar damina. A ware su rukuni-rukuni. Haka irin aure, wanda ake saye sabo duk shekara, a sa masa alama daban da wanda manomi ke iya ajiyewa ya sake shukawa.

Sannan maganar filaye uku-uku. Matsakaicinsu za ka rubuta, amma shi kaɗai bai isa ba. Ƙasa ba ɗaya ba ce, wani fili yana kan tsohuwar suri, wani a kwari. Shi ya sa ake fitar da lamba guda a ƙasan jadawali, wadda ake kira LSD: mafi ƙarancin tazarar da za a yarda da ita a ce bambancin na iri ne, ba na sa'a ba. In ta fito kilo 500, to 4,100 da 3,900 kunnen doki ne, kada ka naɗa wa kowa sarauta. Kusa da ita akwai CV, mai nuna yadda filayen suka yi hannun riga da juna. A gwajin masara, in ta haura 20 cikin 100 a karanta sakamakon da taka-tsantsan. Lissafin ba ya ɗaukar minti goma a kwamfuta, muddin kun ajiye lambar kowane fili daban, ba a haɗa buhu uku a auna tare ba. In an riga an haɗa, babu LSD, sai a kira shi gonar nuni.

A saman takardar: wuri, ranar shuka, ranar girbi, takin da aka sa da yawansa da lokacinsa, sau nawa aka yi feshin tsutsar nan mai cinye ganyen masara (fall armyworm) da ta shigo Gana tun 2016, da duk wani fari da ya wuce kwana goma. A jadawalin kuma a ƙara kwanakin da rabin gona ya fid da gemu, yawan karan da ya kwanta, masarar da ɓawonta bai rufe baki ba, da adadin karan da aka girbe. Filin da ya kamata ya ba da kara kusan 50 aka samu 30, laifin tsiro ne, a faɗa. Irin da ya zo na ƙarshe ma a bar shi a jadawali.

Damina ɗaya a wuri ɗaya ba ta isa a ce wa mutane su sauya iri ba. A rubuta "sakamakon bana", a maimaita.

Malamin gona, Tamale:
Dawa takardarta daban, kada a cusa ta ƙarƙashin masarar Ejura. Sakamakon arewa na arewa ne, damina ɗaya ce gare mu, kuma laimar Asante tana sa ƙwayar dawa fumfuna. A auna zangarniya bayan ta bushe, a sussuke, a sheƙe, a sake auna ƙwayar, a rubuta danshin da aka daidaita a kai.

Babban mai ɓata gwajin dawa tsuntsu ne. Irin da ya riga saura fid da kai, duk tsuntsayen unguwa a kansa suke sauka, sai ya fito a takarda kamar ba shi da kirki. A ba kowane fili maki daga 1 zuwa 5 na ɓarnar tsuntsu, haka na fumfuna da ƙwarin da ke tsotse ƙwaya. Iri mai dunƙulallen kai kamar Kapaala ya fi ba su mafaka fiye da dawar gargajiya mai sakakken kai. A ƙirga ƙuduji a kowane fili wajen mako goma zuwa sha biyu bayan shuka. Tsawon kara ma a sa shi, don a nan kara makamashi ne da zana da abincin dabba.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba littafin: na masara kowane fili da lambarsa da danshinsa, kuma Obatanpa tana ciki. Na dawa an haɗa filayen an auna tare, to zai fita a matsayin gonar nuni. Malam na Fumesua, zan turo maka lambobi goma sha biyar ɗin yau da dare.