Bernanke ya ceci tattalin arziki ne, ko manyan bankuna kawai ya ceta?

Malamin Tsimi: Assalamu alaikum. Ina nan kan bakana: a masana tattalin arzikin zamaninmu babu wanda bincikensa ya yi rana kamar Ben Bernanke. A 1983 ya wallafa takarda kan karayar arzikin Amurka, lokacin da bankuna kimanin 9,000 suka durƙushe daga 1930 zuwa 1933. Kafin nan bayanin masana tattalin arziki Milton Friedman da Anna Schwartz aka fi riƙewa, cewa kuɗi ne suka ƙaranta a hannun jama'a. Shi ya ce haka ne, amma mutuwar bankunan ita kanta ta tsawaita wahalar. Sai ga shi bayan shekara 25, shi ne shugaban Babban Bankin Amurka da guguwar rikicin kuɗi ta 2008 ta taso, bai bari a maimaita kuskuren baya ba.

Tsohon Akawun Banki: Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban yi digiri ba, amma abin da mutumin nan ya rubuta na gan shi da idona. Na shekara ashirin a teburin bayar da bashi. Akwai wani mai sayar da fata da ke zuwa da takardunsa a leda, ba shi da gidan da zai jinginar, amma na san ko shagonsa ya ƙone sai ya biya, domin sau bakwai yana karɓa yana mayarwa kafin wa'adi. Da aka rufe reshenmu ya tafi wani banki, suka ce ba su san shi ba. Kasuwancinsa lafiya lau, wanda ya san amanarsa ne babu. To a ce an yi wa manoma da ƙananan 'yan kasuwa haka a garuruwa dubbai lokaci guda. Wannan sanayyar ba a gina ta a shekara ɗaya.

Ɗalibar Tsimi: Baba, Allah ya ƙara girma, ba na musun takardar. Amma Malam, in saninsa ya kai haka, me ya sa a Maris 2007 ya shaida wa majalisar dokoki cewa matsalar bashin gidaje da alama ba za ta bazu ba? Kuma a kan idonsa katafaren bankin zuba jari na Lehman Brothers ya faɗi ranar 15 ga Satumba 2008. Washegari aka ba kamfanin inshora na AIG bashin dala biliyan 85. Mutumin da ya koyar da duniya haɗarin mutuwar banki ya ƙyale babba ya mutu.

Malamin Tsimi: 'Yata, a kan 2007 kin yi gaskiya, bai hango ba. A kan Lehman kuwa, shi ya ce ba su da hurumin ba shi bashi saboda ba shi da isasshiyar jingina, ko da yake akwai masana da suka ƙi yarda da hakan. Ki dubi sakamako dai. A 1933 rashin aikin yi ya kai kusan kashi 25 cikin ɗari, a 2009 ya tsaya a kashi 10.

Hajiya Mai Fansho: Malam, ku masu karatu da lissafin ƙasa kuke magana, ni tsofaffi nake tunawa. A Disamba 2008 ya mayar da kuɗin ruwa kusan sifili, haka ya zauna har ƙarshen 2015. Wanda ya yi aiki shekara talatin ya ajiye guminsa a banki don ya riƙa cin ɗan abin da yake haifarwa fa? Uwar kuɗin ya koma ci. Masu hannun jari kuwa dukiyarsu sai hauhawa. Sannan da ya sauka a Janairu 2014 ya tafi cibiyar bincike ta Brookings, wannan ba laifi, amma a 2015 ya zama mai ba kamfanonin zuba jari na Citadel da Pimco shawara. Wannan irin ritaya ba ta yi mini daɗi ba.

Tsohon Akawun Banki: Hajiya, da bankunan sun rushe, ajiyar tsohon ma da ita za a tafi. Mu ma a nan a 2009 Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Bankin Najeriya a lokacin, ya zuba naira biliyan 620 a bankunan da suka raunana, sai dai shi ya sauke shugabanninsu. Wannan ne nake ganin an yi wa na Amurka sassauci a kai.

Malamin Tsimi: Zancen Citadel ba zan kare shi ba, Hajiya, ni ma ya dame ni. Amma lambar Nobel ta 2022 da ya raba da Douglas Diamond da Philip Dybvig, saboda bincike kan bankuna aka ba su, ba don mulkinsa ba.

Ɗalibar Tsimi: To Malam, a kan binciken 1983 na sallama. Amma da cewa kuka yi ya yi rana a 2008, ku kuka haɗa binciken da mulkin. Tunda haka ne, Lehman da tsofaffin da Hajiya ta ambata suna cikin lissafin, kuma ina jiran amsarku a kansu.