Me ya sa labarin kisa ke canza kama idan maharin ba Musulmi ba ne?

Ɗan Talladje, Yamai:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatu a Faransa, kullum sai ya turo mini labarai daga kafofin masu tsattsauran ra'ayin ƙyamar baƙi, yana cewa "Yaya, dubi abin da ake rubutawa a kanmu." Jiya a fada, muna jiran shayi na biyu, na karanta wa abokai. Idan Balarabe ko baƙar fata ya daɓa wa wani wuƙa, sunansa da asalin kakansa duk suna sama. Idan Bature ne, sai ka ji wai taɓin hankali. Shin manyan kafofi sun bambanta da su da gaske? Yaron nan ya fara tsoron zuwa Juma'a, abin yana ci mini rai.

Malam Tsohon Ɗan Jarida:
Wa alaikumus salam ɗana. Akwai bambanci, babbansa kuwa jira ne. A Yulin 2024 an kashe yara mata uku a Southport ta Ingila. Kafin ƴan sanda su bayyana ko wane ne maharin, an baza sunan ƙarya a intanet, wai Musulmi ne mai neman mafaka. Washegari aka afka wa masallacin garin. Ashe a Cardiff aka haifi maharin. Manyan kafofi sun jira tabbaci, waɗancan kuwa suna da amsa tun kafin a yi tambayar. Kuma ba kasafai suke janye magana ba.

Hajiya daga Tawa:
Malam, da girmanka, amma kada mu wanke manyan tas. A 2011 da aka kashe mutum 77 a Norway, masu sharhi a manyan tashoshi sun fara nuna Musulmi da yatsa, sai ga maharin Bature ne ɗan ƙasar, mai suna Breivik. A 2017 ma, bayan an kashe mutum 6 a masallacin Quebec ta Kanada, tashar Fox News ta Amurka ta ce wanda ake zargi ɗan asalin Maroko ne, alhali shaida ne kawai. Ni dai ban manta ba.

Malam Tsohon Ɗan Jarida:
Gaskiyarki Hajiya. Sai dai an matsa wa Fox News ta goge labarin. A Christchurch ta New Zealand kuma, da aka kashe mutum 51 a masallatai biyu a 2019, jaridu sun kira abin ta'addanci, suka buga fuskokin mamatan.

Ɗan Talladje, Yamai:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Yau da dare zan kira shi, in ce ya riƙa jiran bayanin mai gabatar da ƙara kafin ya turo mini komai. Juma'a kuma ya tafi tare da abokansa.