'Yata ta kamu da son rubuta manhaja, ina zan kai ta?

Maman Hanifa, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata ta ci probatoire, jarrabawar shiga ajin ƙarshe na sakandare, bana, amma tun da ta taɓa Python, wani harshen rubuta manhaja, a wayar yayanta ba ta da zance sai shi. Ta rubuta mana ɗan lissafin adashin unguwa: ka sa suna, ya nuna wadda ta zuba da wadda ɗaukarta ta zo. Ko wuta ta ɗauke, tana rubuta lambobin a littafi da fitila. Babanta ya ce aikin maza ne, gara ta karanci aikin jinya. Don Allah ina ake karanta wannan a kusa?

Inna Ta Marwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba sai ta je Yawunde ba. Jami'ar Marwa na da makarantar injiniyoyi, Ngawundere kuma akwai IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'a, duka suna koyar da kwamfuta. Ta ƙarfafa lissafi kafin bak, jarrabawar gama sakandare.

Malam Ɗan Jamena:
Ki gaya wa Alhaji a hankali, mace ce ake ɗauka ta fara rubuta tsarin lissafin inji, Ada Lovelace 'yar Ingila, a 1843. Grace Hopper ta Amurka ma da hannunta a samuwar COBOL, wani tsohon harshen rubuta manhaja.

Anti Zee:
Ni dai abin da ya riƙe ni shi ne daɗin gano kuskure. Ka kwana kana nema, ashe waƙafi ɗaya ne! Ku saya mata kwamfuta ko ta hannu ce, waya na gajiyar da ido. Turancin Ingilishi ma ta dage, yawancin bayanan da shi suke.

Maman Hanifa, Garwa:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Ɗaukata ta adashi wata mai zuwa ce, da kuɗin zan saya mata kwamfutar.