Mata na barin ajinmu na koyon na'ura, me za mu yi?

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da wasu abokan aikina muna koyar da Python (yaren rubuta manhaja) da koyon na'ura (yadda kwamfuta ke koyon aiki daga tarin misalai) kyauta duk Asabar a nan Kano. In muka buɗe rajista, mata ne kan gaba wajen cike fom. Amma kafin a kai darasin horar da na'ura sai layin gaba da suke zama ya koma wayam. Wadda ta fi kowa kaifin kai a zagayen da ya wuce, ita ke gyara wa samarin ajin kurakuransu, ta daina zuwa ne don kwamfutar da take aiki da ita ta yayanta ce, kuma ya koma makaranta da abarsa. Abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya. Waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan aji, yaya kuka yi?

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya saka da alheri. Amma ni a ganina mai so zai zo. Harkar nan lissafi ce, na'ura ba ta san mace ko namiji ba.

'Yar Damagaram:
Malam, ta sani mana, ai abin da aka ɗura mata shi take maimaitawa. A 2018 wasu masu bincike biyu mata baƙar fata, Joy Buolamwini da Timnit Gebru, sun gwada manhajojin kamfanonin IBM da Microsoft da Face++ masu tantance ko fuska ta mace ce ko ta namiji. A kan maza farare kuskuren bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba, a kan mata baƙaƙe kuwa ya kai 34.7. Manyan injiniyoyi ne suka gina su, amma sai da mata baƙar fata suka zauna suka auna kafin duniya ta gani. A shekarar ne kuma aka ba da labarin Amazon ta watsar da manhajarta ta tace masu neman aiki, don ta koya daga tsofaffin takardun da yawancinsu na maza ne, ta riƙa rage wa mata maki.

Mu dawo gida. A ce za a gina manhajar da mai jego za ta yi wa tambaya da Hausa. Wa zai tattara maganganun? Wa ya san yadda ake zancen wankan jego da kunun kanwa, ko yadda mace ke kewaye sunan ciwonta don kunya, ko uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari? In maza kaɗai suka naɗi murya suka yi wa bayanan alama, manhajar za ta ji Hausar majalisa ne, ta cikin gida ta wuce ta.

Baffan Yara:
'Yata, na riƙe irin ajin nan. Fara da lokaci: a tashi da la'asar, kowa ta isa gida kafin magariba. Sannan ki je da kanki ki gaisa da iyaye ko maigida, su ga malamar da idonsu. Batun kwamfuta kuwa, ku ajiye biyu ko uku a wurin karatun a riƙa karɓa-karɓa, ku yi aikin a Google Colab, shafin da ke gudanar da aikin a kan kwamfutocin Google ta intanet, tsohuwar kwamfuta ma ta isa tunda nauyin ba a kanta yake ba. Ki haɗa su da ƙungiyoyin da ke wannan harka, irin su HausaNLP da Masakhane da Arewa Data Science Academy. Deep Learning Indaba, taron masu koyon na'ura na Afirka da aka fara a Johannesburg a 2017, na ba ɗalibai tallafin halarta, ki zauna da su ku cike takardar tare.

Maman Sadiƙ:
Na gode Baffa. Ajinmu sai gab da magariba muke tashi, zan yi magana da abokan aikina a dawo da shi safe. Yarinyar nan kuma gobe in sha Allahu zan je gidansu, akwai tsohuwar kwamfutata da batirinta kawai ya mutu. 'Yar Damagaram, ko za ki yarda ki yi wa ɗalibaina wannan bayanin ta waya ranar Asabar?