Neman kalmar Hausa: me za mu kira "sound dose"?

Mai Fassara:

Assalamu alaikum. Masana, ina neman kalmar da za ta tsaya a madadin abin da Turawa ke kira "sound dose", a cikin bayanin yadda za a saurari kiɗa a sitiriyon gida ba tare da ji ya lalace ba. Ba ƙarfin sauti kaɗai ake nufi ba. Ƙarfin ne haɗe da tsawon lokacin da kunne ya ɗauka yana jinsa. Abin da ke hannuna: "adadin sauti", "awon sauti", "nauyin ƙara". Babu wanda ya kwanta mini. Ina son kalmar da za ta shiga jimlar da magidanci zai faɗa wa yaransa, ba wadda sai an buɗe ƙamus ba.

Likitan Kunne:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a zaɓi kalma, bari a ga abin da za ta ɗauka.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wani sashe a nannaɗe kamar gidan dodon koɗi. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu siraran gashi, wajen 16,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Sauti mai ƙarfi yana gajiyar da su. In an ba su hutu suna farfaɗowa. In aka ci gaba da matsa musu sai su mutu, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa.

Lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar sadarwa ta ITU suka fitar a 2019 shi ne: babba zai iya jin sauti mai desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 80 na awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75 na awa 40. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ke nan 83 awa 20, 86 awa 10, 89 awa 5, 92 awa biyu da rabi, 95 awa ɗaya da kwata. An tsara wannan ne don masu sa abin sauraro a kunne, amma kunne bai damu da inda sauti ya fito ba, abin da ya iso shi yake lissafawa.

Shawarata a kan kalma ɗaya ce: a cire "ƙara" da "hayaniya". Mai sauraron waƙar da yake so ba ya ɗaukar ta hayaniya, don haka zai ga gargaɗin bai shafe shi ba. Karatu mai daɗi a desibel 95 da injin niƙa a desibel 95 duk ɓarna ɗaya suke yi. A yi amfani da "sauti".

Injiniyan Sauti:

Na yarda da Likita a kan "sauti". Ga kuma matsalar rubutu: "ƙara" ta amo, "ƙara" ta daɗawa a kan abu, da "ƙara" ta kotu duk rubutu ɗaya ne. Wanda ya rubuta "kada a ƙara ƙara" ya san abin da nake nufi.

"Adadin sauti" bai yi ba, domin adadi na abin ƙirgawa ne. "Awon sauti" kuwa aikin aunawa zai zo wa mai karatu a rai, wato abin da ake yi da mita. Ni ina ba da "lodin sauti". Lodi ana ɗora shi kaɗan-kaɗan, yana taruwa, kuma kowa ya san akwai lodin da ya fi ƙarfin mai ɗauka.

Tunda zancen sitiriyon gida ne, ga yadda lodin ke taruwa. A bayan lasifika ko a takardarta akan rubuta wani lamba, misali 87 dB, wato desibel 87. Ma'anarsa, in aka ba ta wat 1, mutumin da ke nisan mita 1 zai ji desibel 87. Ninka wat sau biyu yana ƙara desibel 3 ne kacal, ninka shi sau goma yana ƙara 10. A fili, duk ninkin nisa yana rage desibel 6, amma a ɗaki ragin bai kai haka ba domin bango da rufi suna maido da sautin. Lasifika ta biyu tana ƙara kamar desibel 3. In aka haɗa duka, mai zama a nisan mita 3 daga lasifiku biyu irin waɗannan yana samun tsakanin 80 da 84 daga wat 1 kacal. Wat 10 zai kai shi 90 zuwa 94. To amfilifaya, wato na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, mai wat 50 ko 100 ba don a ƙure ta aka yi ta ba. Rarar tana nan ne don bugun ganga da sauran wuraren da kiɗa ke zabura na ɗan ƙiftawar ido, su fita tsaf ba tare da sun karye ba.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne kunne ba ya jin ƙarin desibel 3 a matsayin ninki. Sai an ƙara wajen 10 yake cewa sauti ya ninka, alhali a lokacin ƙarfin da ke dukan kunnen ya ninka sau goma, awa 40 ta koma awa 4.

Malamin Hausa:

Allah ya saka wa Likita da Injiniya. Ni hanyar da nake gwada sabuwar kalma ita ce in haɗa ta da aikatau in ji ko za su zauna.

"Lodin sauti ya yi wa kunnensa yawa." Wannan ta zauna. Amma gwada faɗin lissafin Likita da ita: "Lodinka na mako awa 40 ne." Ba ta fito ba, domin lodi bai nuna cewa akwai wani abin da aka yanka wa mutum wanda yake ci yana ƙarewa ba. Ga shi kuma masu harkar lantarki sun riga sun kama "lodi" da wata ma'ana. Injiniya ya fi ni sani, in aka ce lodi ya yi wa amfilifaya yawa, zancen lasifikun da aka jona mata ake yi, kuma duka biyun za su haɗu a shafi ɗaya.

Ina ba da "kason sauti". Kaso abu ne da aka ware wa mutum, yana da iyaka, kuma aikatau ɗinsa suna nan a bakin kowa: an ci, an cinye, ya rage, an wuce, an taɓa na gobe. "A desibel 89, awa biyar ta isa ka cinye kasonka na mako." "Ya ci rabin kasonsa tun ranar Talata." "Kason yaro bai kai na babba ba." Babu jimlar da ta nemi a yi mata bayani.

Na yi tunanin "rabo", amma rabo yana tafe da sa'a da alheri, mutum ba ya gudun cinye rabonsa.

Mai Gyaran Rediyo:

Ranka ya daɗe Malam, "kaso" ta yi, amma mai sitiriyo ba awa 40 yake gani ba, abin murɗa murya yake gani. Shi tambayarsa ita ce, ina zan tsaya? Kalmar wannan wurin tana nan tuntuni: geji. "Kada ka wuce geji."

Ga yadda ake sa gejin. A sa waƙar da aka saba ji, wadda ta fi sauran tashi. A zauna a inda aka saba zama, a riƙe mitar auna sauti ko waya mai manhajar aunawa daidai tsayin kunne, makirufo yana kallon lasifika, ba a jikin kujera ko bango ba. A cikin saitin mitar a zaɓi ma'aunin A, wanda ke auna sauti yadda kunnen mutum ke jinsa, domin duk lambobin da Likita ya kawo da shi aka auna su, a kuma zaɓi saitin da ke karantawa a hankali. A bar waƙar ta yi minti biyu ko uku a ɗauki matsakaici, kada a bi lambar da ta yi tsalle sau ɗaya. A murɗa har matsakaicin ya tsaya tsakanin 70 da 75, a manna ɗan farin tef a wurin. A sake murɗawa zuwa 80, a manna ja. Fari na kullum ne, ja shi ne geji.

Abubuwa biyu ke ɓata wannan alama. Na farko, lambar da ke jikin abin murɗawa ba ta da ma'ana ita kaɗai. In waya ce ke tura waƙa, muryar wayar ma tana da nata mataki, don haka a tsayar da ita wuri ɗaya kafin a manna tef. Faifan CD, talabijin da Bluetooth kowanne da ƙarfin da yake shigowa da shi, sai an gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, waƙoƙi ba ƙarfinsu ɗaya ba. Yawancin na zamani an matse su sun cika tam daga farko har ƙarshe, tsofaffin ɗauka kuwa suna da hawa da sauka. A wuri ɗaya na abin murɗawa, wadda aka matse ta fi cin kunne.

Sannan in an ji sauti ya fara tsagewa, musamman a muryar mawaƙi da ƙarafan ganga, amfilifaya ce ta kai ƙarshen ƙarfinta tana yanke kan sautin. Wannan yankewa tana ƙara siririn sauti mai kaifi, shi ne ke ƙona tuwita, wato ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti, kuma kunne ma ba ya shan daɗinsa. A rage nan take.

Mai Fassara:

Na gode ƙwarai. "Kason sauti" ta fi duk abin da na zo da shi. Damuwata ɗaya: manhajoji suna nuna shi da kashi cikin ɗari, kuma da yawa suna rubuta "kaso 60 cikin 100". Ba za a samu "kaso 60 na kaso" ba?

Malamin Hausa:

Za a samu in an yi sakaci. Maganinsa a bar "kashi" ga lissafin ɗari, a bar "kaso" ga abin da muke magana a kai: "ka ci kashi 60 cikin 100 na kasonka." Kunnen Bahaushe ba zai yi tuntuɓe a nan ba.

Ban ga dalilin zaɓa tsakanin kalmata da ta Mai Gyara ba, don ba abu ɗaya suke nufi ba. Geji na ƙarfi ne a wannan lokacin, kaso na ƙarfi da lokaci ne a haɗe. Mutum zai iya tsayawa daidai kan geji ya cinye kasonsa in kullum ya wuni yana ji. Zai iya kuma haura geji na waƙa ɗaya kasonsa bai girgiza ba.

Likitan Kunne:

Wannan bambancin na Malam shi ne zancen gaba ɗaya, kuma ga yadda ake lissafa shi. A raba awannin da aka yi a kowane mataki da awannin da aka yarda a wannan matakin, sai a tara. Awa 10 a desibel 83 rabin kaso ne. Awa biyu da rabi a 89 shi ma rabi ne. Wanda ya yi duka biyun ya gama da makon. Mai jin kiɗa awa 2 kullum, wato awa 14 a mako, iyakarsa wajen 84, in har babu wani sauti mai ƙarfi a rayuwarsa. Kason kuwa ɗaya ne, ba a ware na gida daban da na wurin aiki ko na hanya. Wanda ya wuni kusa da inji ya dawo gida da kasonsa a cinye, shi 70 ya kamata ya nema da dare.

Malama, za ki ci karo da wasu lambobin, kada su rikita ki. Cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da desibel 85 na awa 8 a rana ga ma'aikata, da ragin rabi a duk desibel 3, har ya kai minti 15 a desibel 100. Hukumar OSHA ta can kuma, mai kula da dokokin kare lafiyar ma'aikata, tana amfani da 90 na awa 8, da ragin rabi a duk desibel 5. Waɗannan dokokin wurin aiki ne, kuma ko da su ana sa ran wasu ma'aikata za su rasa wani abu na jinsu bayan shekaru. Mai shaƙatawa a falonsa ba shi da dalilin ɗaukar wannan kasadar, 80 ta fi dacewa da shi.

Alamun an wuce kaso: bayan an kashe kiɗa kunne ya riƙa shuu ko ƙugi, ko a ji maganar mutane kamar an toshe kunne da auduga. Yawanci yana washewa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma washewar ba ta nufin babu abin da ya taɓu. Ɓarnar sauti takan fara ne a wajen 4,000 Hz (ma'aunin siranta ko kaurin sauti), yankin da ke taimakawa wajen rarrabe baƙaƙe irin su s, f da sh. Shi ya sa mai ita yake cewa yana jin magana amma ba ya gane ta, musamman cikin taro. In ƙugin ya ƙi tafiya, a je a yi gwajin ji. In kuwa jin kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, wannan na gaggawa ne, a ga likita a ranar.

Injiniyan Sauti:

Na janye "lodi", hujjar Malam ta amfilifaya ta kama ni. Ƙari biyu ga bayanin Mai Gyara.

Manhajar waya ba mita ba ce. NIOSH tana da tata kyauta, amma ta iPhone ce kawai, domin wayoyin Android makirufonsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Kuskuren desibel 3 kuwa ninki ne a lissafin kaso, don haka mai auna da waya ya sa jan tef ɗinsa a 77. Wanda ba shi da komai ya yi gwajin magana: hira ta yau da kullum wajen desibel 60 ce, in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nisan hannu ɗaya ya ji ka, kana kusa da 85 ko ka haura.

Na biyu, yawancin masu ƙure murya bes suke nema, wato kaurin sauti. Tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa in sauti ya yi ƙasa, kunne yana rasa kaurin sautin fiye da tsakiyarsa. Maɓallin da aka rubuta wa "Loudness" a amfilifaya don wannan aka yi shi, yana ɗaga bes a ƙaramar murya. A danna shi, ko a matso da kujera kusa, ko a kashe fanka da talabijin da ke gasa da kiɗan, maimakon a murɗa sama. Kunne kuma yana sabawa, bayan rabin awa abin da ya yi ƙarfi da farko sai ya zama daidai, hannu ya koma kan abin murɗawa. A nan tef ɗin ke aiki.

Mai Fassara:

To an tsaya a nan: "ƙarfin sauti" ga abin da mita ke nunawa da desibel, "geji" ga inda ake tsayar da murya, "kason sauti" ga ƙarfi da lokaci a haɗe. Jimlar da za ta shiga rubutun: "Kason sautin babba a mako shi ne awa 40 a desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba awannin biyu."

Likitan Kunne:

Ta yi, Malama. A ƙara na yara a gefenta, 75, tunda sitiriyon falo kowa yake ji, kuma yaro yakan zauna kusa da lasifika fiye da inda aka yi awon.