Don Allah a warware min sunayen maganin feshi

Sabon Manomi:
Salam jama'a, bana na fara noman masara da wake a bayan Shika, na shiga kasuwar Sabon Gari siyan maganin ciyawa mai shago yana ta ce min wannan mai zabe ne wancan mai konewa ne, wallahi kaina ya kulle. Meye bambancinsu?

Dan Samaru:
Wa alaikumus salam dan uwa. Mai konewa irin paraquat ganyen da ya taba kawai yake kashewa, glyphosate kuma yana bi ta ganye ya gangara har saiwa, shi yasa sai ya dau kwanaki kafin kaga ciyawar ta bushe, dukkansu basa zabe, in suka taba masararka ta tafi. Atrazine ne mai zabe, masara tana jure shi amma kar ka kusanta shi da wake.

Baba na Tudun Wada:
Yaro duba layin kalar dake gindin kwalba, ja yafi kowanne guba, sai rawaya, shudi, kore. Ka karanta kwanakin jira kafin girbi, kuma ka rufe hanci ka rufe hannu, na ga wanda feshi ya kwantar.

Sabon Manomi:
Nagode Baba, Allah ya kara girma. Tsutsar masara fa?